Rufin Motar Marigayi

A shekarata ta uku a Makka, lokacin ina karatun fiƙihu, gida ɗaya kawai nake da shi da zan ƙwanƙwasa ƙofa a buɗe mini ba tare da an tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Gidan yana unguwar Zahir, hawa na biyu, a saman wani shagon gasa burodi. Mai gidan tsohuwa ce da nake kira Inna. Mijinta marigayi ɗan garinmu ne, tun yana yaro iyayensa suka biyo ta Chadi da Sudan da shi, kakana kuma ya san mahaifinsa. Da wannan ɗan zaren na shiga gidan. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci nakan je in ci tuwon shinkafa da miyar kuka, in yi Hausa ba tare da na fara jera kalmomi a kaina ba. Ni ba mai yawan magana ba ne. A ɗakin kwanan ɗalibai sai in yi kwana biyu ban faɗi abin da ya wuce sallama ba. Idan na rasa wannan gida, to na rasa bakina gaba ɗaya.

Inna tana da ɗa namiji guda, ya girme ni da shekara goma sha wani abu, ina ce masa Yaya. A unguwar Tandabawi aka haife shi, kafin a rushe layinsu su dawo Zahir. Yana da shagon turare da carbi. Hausarsa rabi ce, sauran Larabcin Hijaz yake cikawa da shi, kuma bai taɓa kirana da sunana ba sai "ya Ustaz", da wani ɗan jan murya da ke nuna tsokana ce.

Wata Juma'a, a shekarar 2014, bayan mun wanke hannu ya ce, "Ya Ustaz, taho ka ga abin da ya fi littattafanka."

Ya kai ni wani fili da aka kewaye da bulo a bayan ginin, ya yaye tamfol. Mota ce ƴar Amurka ƙirar 1970, mai ƙofa biyu, doguwa, faffaɗa, ja kamar barkono, da wasu kafofin iska biyu kamar hanci a kan boneti. Ba ta da rufin ƙarfe, sai wata baƙar rumfar yadi da ake naɗewa baya. Da ya tayar da ita sai da na ji ƙarar a cikin haƙarƙarina, tantabarun da ke kan katanga suka watse.

"Silinda takwas," in ji shi. "Ta Baba ce, Allah ya jiƙansa. Akwai wani Bakuwaite da ya ga hotonta, yana tara irinsu. Ya ce masu buɗaɗɗen sama kaɗan kamfani ya ƙera, ko a Amurka nemansu ake yi ido rufe. Amma yana son hujja. Lamba kaza, hoto kaza, bayani kaza. Littattafan duk Turanci ne. Kai ne mai Turanci."

Na ce ban san komai game da mota ba. Ko keke ban ƙware ba.

"Ai ba tuƙawa za ka yi ba, karantawa za ka yi. Wannan kuwa wa ya fi ka?"

Haka na karɓi aikin, don ban iya cewa a'a ba. Ni na riƙa rubuta wa Bakuwaiten saƙo daga wayata. Tambayarsa guda ce, yana maimaita ta a kowane saƙo: shin haka ta fito daga kamfani ba rufi, ko daga baya aka mayar da ita haka?

Na shafe mako ɗaya a ɗakin karatu ina bin shafukan masu sha'awar irin waɗannan motoci. Na sayi sabon littafin rubutu, na zana motar ta gefe da ta sama, na sa alama a duk inda aka ce akwai lamba. Na koyi cewa akwai ɗan faranti a gindin gilashin gaba, ɓangaren direba, kuma haruffa biyu a cikin lambarsa su ne ke faɗin irin jikin da motar ta fito da shi. Akwai wani farantin a ƙarƙashin boneti. Akwai lamba a jikin inji wadda ya kamata ƙarshenta ya yi daidai da na farantin gaba.

Ranar Asabar da safe na koma da tocila da littafina. Yaya ya tare ni da istimara, wato takardar rajistar mota, ya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya.

"Karanta. Makshufa. Buɗaɗɗiya. Hukuma ce ta rubuta. Halas."

Na ce a hankali, "Yaya, mai rubuta takarda abin da ya gani a gabansa yake rubutawa."

Ya dube ni kamar na zagi wani.

Farantin gaba yana nan, amma an shafe shi da baƙin fenti mai kauri. Na haska tocila ta gefe, na iya karanta farko da ƙarshe. A tsakiya, daidai inda haruffan nan biyu suke, fenti ya taru ya yi tudu. Na zaro makullin ɗakina zan kankare.

"La, la, la!" Ya riƙe mini hannu. "Kar ka taɓa. In ya ga an kankare zai ce mun yi wasa da lamba."

Maganarsa tana da ma'ana. Amma tun daga wannan lokaci na fara zargi. Duk faɗin farantin, me ya sa a nan kaɗai fenti ya taru?

Na buɗe boneti. Inda faranti na biyu ya kamata ya kasance babu komai sai ƙananan ramuka biyu. Yaya ya ce tun tasowarsa bai taɓa ganin wani abu a wurin ba. Na rubuta amsarsa kalma da kalma, ya leƙo littafin ya yi tsaki.

Injin ne ya ɗan sanyaya mini rai. Na kwanta a kan kwali, na goge maiƙo da tsumma da kananzir har lambar ta fito, kuma ƙarshenta ya yi daidai da na farantin gaba. Injin nata ne, babban da ake nema, ba a taɓa sauya shi ba. Yaya ya yi kabbara, ya sayo mana shayi da madara. Na sha, amma idona yana kan kujerar baya.

A hotunan da na gani, masu buɗaɗɗen sama na asali kujerarsu ta baya matsattsiya ce, saboda an bar wuri hagu da dama inda ƙarafunan rumfa za su kwanta. Wannan kujerar ta cika motar daga bango zuwa bango. An ce akwai ɗan inji a bayan kujera da ke ɗaga rumfa, da maɓallinsa kusa da sitiyari. Babu injin, babu maɓallin, babu ko ramin da aka taɓa ɗaure su. Rumfar da hannu ake ja, kuma ƙarafunanta sun yi mini kama da bututun ruwa da aka lanƙwasa.

"Ta asalin ta ruɓe," in ji Yaya. "Ranar Makka ce, ya Ustaz, ba ta Kano ba. Baba ya sa aka yi wata."

Ya tafi shago ya bar ni. Na ciro maganaɗisun da na ɓalle daga wata tsohuwar lasifika, na naɗe shi a hankici don kada ya karce fenti, na riƙa bin jikin motar da shi. Ko'ina yana kamawa. Da na iso saman bangon baya, inda ƙarfe ya ƙare rumfa ta fara, sai ya zame ya faɗi ƙasa. Na gwada ɗaya gefen, haka. A ƙarƙashin jan fentin nan ba ƙarfe ba ne, cikon masu gyaran bodi ne, tsawon kamu biyu kowane gefe. Na buɗe ƙofar direba na sake rufewa. Sai an ɗan ɗaga ta take shiga, kamar motar ta lotsa a tsakiya.

Abin da ya gama da ni wayar lantarki ce. Na ɗaga robar da ke gefen gilashin gaba, na ga wata siririyar waya ta hau ginshiƙin har ƙarshensa, aka yanke ta a can, aka lanƙwaso bakin aka naɗe da baƙin salatif. Na zauna a kujerar direba ina kallonta. Waya ba ta hawa sama don ta je wurin iska. Fitilar rufi take kai wa wuta. Motar nan ta taɓa yin rufi.

Na rufe tamfol na tafi, ban biya ta shago ba.

A hanya na tuna Yaya ya taɓa ce mini bara ya kai motar wata warsha, garejin gyara ke nan, aka sake mata fenti. Na haɗa wannan da tudun fentin, da farantin da ya ɓace, da yadda ya cafke mini hannu. Sai na ga komai ya jeru. Ya san masu buɗaɗɗen sama sun fi daraja, ya sa an yanke rufin, an cike, an fente. Yanzu kuma yana neman ɗalibin fiƙihu mai gilashi da sanyin murya ya sa bakinsa a ciki, don wa zai zargi irina? Har "ya Ustaz" ɗin da yake ce mini ta sauya ɗanɗano a kunnena.

Juma'a biyu na yi ina zuwa ina zama da shi a faranti ɗaya. Ina kallon hannunsa yana yankar tuwo, ina neman alama a fuskarsa. Idan ya yi dariya in ce dariyar mai ɓoye abu ce. Idan ya yi shiru in ce ya gane na gane. Ya tambaye ni ina rahoto, na ce ina kan bincike. Bakuwaiten ya aiko saƙo sau uku ban amsa ba. Na san idan na buɗe baki na kira ɗan gida maƙaryaci a gaban uwarsa, ba zan sake hawa wannan bene ba.

A Juma'a ta uku aka kira Yaya a waya ya sauka shago tun ba mu gama ba. Inna ta fito daga kicin tana jan ƙafa, ta dubi farantin, ta dube ni.

"Ɗan nan, miyar ce ba ta yi ba, ko aure kake so?"

"A'a, Inna, ta yi."

"To me ya sa kake cin tuwona kamar magani? Mako uku ke nan ina lura da kai."

Na sunkuyar da kai. Ban shirya tambayar ba, ita ta fito da kanta. "Inna, motar Baba, tun da aka saye ta haka take ba rufi?"

Ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta zauna a kan kujerar roba.

"Wa ya ce maka? Da rufinta, fari ƙal. Ina amarya na shige ta da rufinta. Wani attajirin Jidda da yake yi wa direba ne ya bar masa ita da ɗansa ya gaji da ita. Shi da kansa ya kai aka yanke."

"Baba?"

"Shi fa. Saboda malaminsa."

Ta ba ni labarin tana gyara ɗankwali. Marigayi yana da wani malami, tsoho ɗan ƙasar Sakkwato da ya zauna a Tandabawi yana karantarwa a zaure. Kowace shekara yana aikin hajji, kuma da ƙafa yake yi, domin shi a wurinsa namiji mai harami ba ya tafiya a ƙarƙashin inuwar abin hawa. An yi an yi da shi cewa malamai sun sauƙaƙa a kan mota, ya ce ya ji, amma shi ba zai shiga ba. Shekarar da ƙafafunsa suka gaza, ya ce to bana sai dai ya zauna a gida. Marigayi ya kwana biyu ba ya cin abinci. Ana saura kwana huɗu a fita Mina ya tuƙa motar zuwa wurin wani mai walda ɗan Chadi a bakin layinsu.

"Na ji ƙarar zarto tun daga ɗaki," in ji Inna. "Na leƙa ta taga na ga maza huɗu sun ɗauke rufin kamar faifai. Na yi kuka, wallahi, don ina son motar nan. Ya ce mini, ke, ƙarfe ne. Ya ɗauki tsohon nan daga Mina zuwa Arfa da hantsi, rana tana dukan tsakar kansu su biyu, ya dawo da shi Muzdalifa. Hajji uku ya yi masa haka kafin Allah ya karɓi abinsa."

Na san mas'alar. Tana cikin littattafanmu na Malikiyya, a babin abin da aka hana mai harami, inda ake maganar rumfar da ake ɗaurawa a kan raƙumi. Watanni kaɗan kafin nan na rubuta jarrabawa a kanta. Ban taɓa zaton zan gan ta da zarto da walda ba.

"Rufin fa, Inna?"

"Mun ɗora shi a saman soro, ina girki a ƙarƙashinsa shekara da shekaru. Da aka zo rushe layin can muka baro shi. Wa zai sauko da shi?"

"Yaya ya sani?"

"Ina zai sani? Ko cikinsa ban yi ba lokacin. Shi dai ya tashi ya ga rumfa a soro."

Kunya ta rufe ni. Mako uku ina cin abincin mutum ina yanke masa hukunci a zuci.

Muna cikin haka Yaya ya dawo. Inna ba ta jira ni ba.

"Kai, ashe ce wa mutane kake yi motar ubanka haka aka ƙera ta?"

Ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta maimaita masa labarin, a gajarce wannan karon. Ya saurara, ya juya Larabci, ya dawo Hausa.

"Yumma, shekara nawa, ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Ka taɓa tambayata? Kai da ka fi yarda da takarda."

Ya sauka, na bi shi. Ya ɗauko kwalbar tina, ruwan narkar da fenti, a shago, ya yaye tamfol, ya jiƙa tsumma ya riƙa goge farantin da kansa. Fentin ya narke a hankali. Haruffan biyu suka fito. Na buɗe littafina na nuna masa layin da na kwafa: na mota mai rufin ƙarfe ne. Ya daɗe yana duba faranti yana duba littafi, ko da yake na san ba ya karanta rubutuna.

"Tayyib," ya ce daga ƙarshe. "Inji na asali ne, ko ba haka ba?"

"Na asali ne."

"To rubuta masa wannan. Inji, giya, lamba. Rufi kuma ka yi shiru. Ba ƙarya ka yi ba."

"Yaya, rufin yake tambaya. Sau uku."

"Ka ce ba ka tabbatar ba."

"Na tabbatar."

Ya matso kusa da ni.

"Tun yaushe ka sani?"

Da na iya ƙarya da a nan zan yi ta. Na ce mako uku.

"Mako uku. Kana zuwa kana zama da ni. Me ka ɗauka? Ni na yanke?"

Na kawar da ido, hakan kuma ya ba shi amsa. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Ka ɗauke ni ɓarawo, ba ka tambaye ni ba, ka zagaya ka tambayi tsohuwa. Wannan ne fiƙihun?"

A wannan ya fi ni gaskiya. Na ba shi haƙuri. Na ce amma saƙon dole in amsa, tunda da bakina aka fara maganar. Na rubuta a tsaye a wurin, na karanta masa da Larabci kafin in aika: injin nata ne, jikin nata ne, ta fito da rufin ƙarfe, mai ita ya yanke shi shekaru da yawa da suka wuce saboda aikin hajji, ɗansa bai san haka ba sai yau. Ya ce in cire jimlar ƙarshe, ba ya neman shaidata. Na cire. Na aika yana kallo. Ya ja tamfol ya rufe motar, ya tafi bai yi mini sallama ba.

Washegari Bakuwaiten ya amsa da layi biyu, ya gode, ya ce ya fasa.

Juma'ar da ta biyo ban je Zahir ba. Na sayi shinkafa da kaza a wani shago kusa da makaranta na ci a kan gadona. Haka ta biyu, haka ta uku. Wata guda ban yi Hausar da ta wuce gaisuwa ba. Sau biyu na hau motar haya har bakin layinsu, na ji ƙamshin burodi, na juya.

A mako na biyar wayata ta yi ƙara ana fitowa daga masallaci. Yaya ne.

"Tsohuwa ta ce ka zo. Ita ta ce, ba ni ba."

Na je. Inna ta yi mini faɗa tun daga bakin bene, ta ce ta zubar da tuwo sau huɗu saboda ni, ta ce na rame kamar an wanke ni an shanya. Ta ajiye faranti, na ga na mutum ɗaya ne. Yaya a shago ya ci nasa ranar, kuma haka ya ci gaba da yi duk Juma'a har na gama karatu. Idan muka haɗu a bene mukan gaisa. Ya daina ce mini ya Ustaz, ya koma kiran sunana cikakke, kamar ma'aikacin ofis.

Shekara biyu bayan haka, ana gobe zan koma gida, na shiga shagonsa in yi masa bankwana. Akwai masu saye, na jira suka watse. Ya miƙo hannu ta saman kanta, muka yi addu'ar da aka saba. Na juya zan fita ya ce in tsaya.

"Irin rufin nan," ya ce, yana jera kwalaben turare ba ya kallona, "ana samunsa a wurin masu tsofaffin motoci a Amurka?"

Na ce ana samu, na taɓa gani a shafukansu.

"Me zan rubuta in nema?"

Ya yago murfin wani kwalin turare ya turo mini da biro. Na rubuta masa kalmomin da manyan baƙaƙe, ɗaya bayan ɗaya, yadda zai iya kwafa, na ƙara da shekarar motar da haruffan nan biyu. Ya karɓa ya duba, ya tambaye ni wanne ne farko, hagu ko dama. Na nuna masa.